Filin Shawarar Gwaggo: A sayar da gidan Jos a koma Abuja?

Wasiƙu biyu ne suka iso daga gida ɗaya a Jos Jarawa.

"Gwaggo, maigidana ya rasu ya bar mana gida mai ɗaki shida. Babban ɗana ya dage sai mun sayar mun sayi fuloti uku a Masaka ko Kuje, wai kafin shekara biyu kuɗin sun ninka. A gidan nan na haifi 'ya'yana duka, kuma akwai ƙannensa mata biyu da ba su yi aure ba. Na rasa barci."

"Gwaggo, Mama ba ta gane ba. Tun da kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 kasuwancin Baba bai sake miƙewa ba. Abokaina da suka tafi duk sun yi gini. Ni kaɗai zan zauna?"

Hajiya, Allah ya jiƙan Malam, ya ba ki haƙuri. Gidan nan gado ne. Kina da tumuninki, 'yan matan suna da rabonsu, kuma girman ɗan fari bai ba shi ikon sayar da haƙƙin kowa ba. Ki kira malami da dattawan dangi a fayyace rabo tun kafin dillali ya taka ƙofar.

Kai kuma ɗana, ban ga laifinka ba. Wanda ya tashi a Jos ya ga 2001, ya ga 2008 da 2010, dole wata rana zuciyarsa ta raya masa tafiya. Kuma gaskiya ne filaye sun yi ta tsada a kewayen Abuja tun da gwamnati ta tare can a 1991. Sai dai abokanka labarin waɗanda suka ci riba suke ba ka.

Ka san Kuje da Masaka ba ƙasa ɗaya ba ce a wajen doka? Kuje tana cikin Babban Birnin Tarayya, inda Minista kaɗai ke da ikon ba da fili. Takardar mai unguwa ko ta sarkin ƙauye, komai yawan hatiminta, ba ta hana katafila. Haka aka rushe gidajen dubban mutane zamanin da El-Rufa'i yake Ministan, tsakanin 2003 da 2007, da yawansu da guminsu suka saya, ba su san awon igiya aka sayar musu ba. Masaka kuwa ƙaramar hukumar Karu ce a jihar Nasarawa, ko da dillali ya rantse maka Abuja ce. Filin Kuje a AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, ake bincikensa, na Masaka a NAGIS, takwaransa na Nasarawa. Ka je da ƙafarka tare da lauyan da kai ka ɗauka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Duk wanda ya ce ka biya yau don gobe farashi zai tashi, ka bar masa filinsa.

Sannan fuloti ba ɗaki ba ne. Ina Mama da ƙannenka za su kwana kafin ka yi gini, a garin da ake karɓar hayar shekara a dunƙule?

Ka tafi kai kaɗai tukuna. Ka kama haya, ka ɗanɗani cunkoson Mararaba da zafin da ɗan Jos bai saba da shi ba, ka ga ko sana'arka za ta kama. In kana son jari, a yi wa gidan kuɗi, 'yan'uwa su sayi kasonka, ko a zuba 'yan haya a ɗaki biyu a riƙa rabawa. Ka je ka zauna gaban Mama ka faɗa mata da bakinka cewa ba za a taɓa ɗakinta ba.