Tambaya da Amsa: Jan Bututun Gas Zuwa Madafar Tsakar Gida

TAMBAYA

Malam, ina gina gida a Kaduna, an gama rufi, saura dabe da shimfiɗa intalok a tsakar gida. Na ware gefe guda da za a yi rumfa domin girkin waje, wato gashin nama lokacin Layya da ɗora manyan tukwane ranar suna ko biki. Uwargida ta gaji da hayaƙin itace, ni kuma ba na son a riƙa jan silinda daga kicin zuwa waje. Shi ne nake tunanin a ajiye babban silinda wuri ɗaya, a ja bututu ta ƙarƙashin ƙasa zuwa rumfar. Mai yi mini aikin famfo ya ce zai iya, har ya ce bututun ruwan da ya rage zai wadatar. Wani abokina kuma ya ce in dakata sai gas ɗin bututun AKK ya iso. Wace shawara za ka ba ni kafin a zuba siminti?

Mai karatu daga Kaduna

AMSA

Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa a shiga lafiya. Ka yi tambayar a kan kari, domin aikin da za a yi maka yanzu da haƙa ɗan rami, idan aka shimfiɗa intalok sai an fasa kafin a yi shi.

Bari in fara da maganar mai aikin famfo, don ita ce ta fi tayar mini da hankali. Kada ka yarda. Bututun roba na ruwa, fari ne ko toka ko koren nan da ake haɗawa da zafi, ba a yi shi don gas ba, kuma gam ɗin da ake liƙa shi ba ya riƙe gas. Mutumin yana iya zama gwani a aikin ruwa, amma yoyon ruwa bango yake jiƙawa, yoyon gas kuwa rai yake ɗauka. Ka nemi wanda aikin gas ne sana'arsa, ka ce ya nuna maka shaidar horo da gidajen da ya yi wa aiki. Manyan tashoshin sayar da gas masu lasisin hukumar NMDPRA, wadda Dokar Man Fetur ta 2021 ta kafa, galibi sun san irin waɗannan masu aiki.

Kafin ka yi tunanin inda kake son gas ya je, ka fara tunanin inda zai je idan ya zube. Gas ɗin da muke saye a silinda haɗin furofen ne da butan, kuma ya fi iska nauyi: furofen sau ɗaya da rabi, butan kusan sau biyu. Idan ya zubo ba ya tashi sama, gangarawa yake yi kamar ruwa, ya bi rariya, ya kwanta a rami. Lita ɗaya ta ruwan gas tana zama kusan lita 250 idan ta koma tururi, kuma da zarar ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya isa. Yanzu ka fita tsakar gidanka ka duba da wannan idon. Ina rariyar da ruwan wanke-wanke zai bi? Ina bakin shadda? Akwai rijiya ko tankin ruwa na ƙasa? Ina za a ajiye janareto? Gidajenmu katanga ce doguwa ta ko'ina saboda sirri da tsaro, iska ba ta ratsawa sosai a ƙasa-ƙasa, don haka abin da ya zubo yana daɗewa bai watse ba. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ita ce silinda ya nisanci ƙofa da taga da aƙalla mita ɗaya, ya nisanci buɗaɗɗiyar magudana da mita biyu. Ni dai ina ganin wannan shi ne mafi ƙaranci. Tunda filinka ne kuma ba a gama gini ba, ka ƙara.

Wurin silinda ya zama keji na ƙarfe mai raga, da inuwa a sama, a buɗe ta ƙasa, daben ya ɗan ɗara ƙasar da ke kewaye. Kada a yi masa ɗan ɗaki mai ƙofar katako a rufe, kada a sa shi ƙarƙashin bene. Zafin watan Afrilu a Arewa yana haura digiri 40, kuma matsin da ke cikin silinda yana ƙaruwa da zafi, shi ya sa ba a cika shi fiye da kusan kashi 80 cikin 100. Ka kuma sa kejin kusa da get, domin silinda mai kilo 50 idan ya cika nauyinsa ya haura kilo 80, ba abin da za a riƙa mirginawa ta gaban ɗakin yara ba ne. A tsaye ake ajiye shi kullum. Ka duba shekarar da aka buga a jikinsa, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta ƙayyade wa silinda shekara 15.

Sai batun girman bututu. Ba daga silinda ake fara lissafi ba, daga wutar da za a kunna ake farawa. Ka zauna da uwargidanka ta faɗa maka gaskiyar abin da za a ɗora ranar taro: tukunya nawa a lokaci ɗaya, da abin gashi ko babu. Kilo ɗaya na gas yana ba da zafi kimanin kilowat 13 na awa guda. Kan murhun kicin na yau da kullum yana cin kusan giram 200 a awa, babban murhun tukunyar biki kuwa yana iya cin kusan kilo guda. Idan aka haɗa biyu ko uku a kan siririn bututu mai tsawo, wutar za ta yi ta lumshewa, shinkafa ta ƙi nuna, a ce gas ɗin ne ba shi da kyau, alhali hanya ce ta yi masa kaɗan. Mai yiwuwa ka taɓa ganin silinda ƙarami a gidan biki yana zufa, har wani farin ƙanƙara-ƙanƙara ya fito daidai inda ruwan gas ya tsaya, wata baiwar Allah tana girgiza shi ko tana zuba masa ruwan zafi. Alama ce ta ana jan gas fiye da yadda silindan zai iya bayarwa, kuma girgizawar da ruwan zafin duk haɗari ne. Maganinsa silinda biyu manya a haɗe, da abin sauyawa daga wannan zuwa wancan.

Ka sani kuma murhun kicin da babban murhun biki ba matsi ɗaya suke so ba. Na kicin yana aiki da kusan miliba 30, yawancin manyan kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Don haka idan layi ɗaya zai ciyar da duka, a sa regileta ta farko a wajen silinda, sannan kowane reshe ya samu tasa daidai da murhunsa.

Abin da za a binne ya zama bututun da aka yi don gas: rawayan roba na musamman wanda a ƙarƙashin ƙasa kawai ake sa shi, ko jan ƙarfe mai riga, ko ƙarfe da aka naɗe don kada ya yi tsatsa. Inda zai fito sama dole ya koma ƙarfe. Dokar Amurka ta ce zurfin kada ya gaza inci 12, inci 18 a inda wani abu zai iya taɓa shi; ni zan ce ka haƙa santimita 50 zuwa 60, a shimfiɗa yashi ƙasa da sama, a ɗora kaset mai launin rawaya kafin a cike ramin. Kada a binne mahaɗa mai zare, kada ya bi ta ƙarƙashin ɗaki, kada ya kwana rami ɗaya da wayar lantarki. Inda zai ratsa bango ko siminti a zura shi cikin wani bututu mai faɗi. Ka ɗauki hotunan ramin da wayarka kafin a rufe, ka auna nisansa daga katanga ka rubuta, saboda ranar da wani zai zo da diga zai dasa mangwaro.

A sa bawul a wajen silinda, a sa wani a rumfar, inda hannu zai kai ba sai an tsallaka wuta ba. Tiyo daga bawul zuwa murhu kada ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma a ɗaure shi da kilif, ba da waya ko robar taya ba. Rumfar a bar ta a buɗe aƙalla ta gefe biyu. Iskar hunturu tana kashe wuta gas ya ci gaba da fita, don haka in ka samu murhu mai yanke gas da kansa idan wuta ta mutu, ya cancanci kuɗinsa.

Maganar AKK kuwa, bututu ne mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, kuma tashoshin lantarki da masana'antu ne a gaba. Gas ɗinsa ma daban ne, ya fi iska sauƙi, yana bukatar bututu mafi faɗi da canjin bakin murhu. Kada ka tsayar da gininka saboda shi.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙonka kada ka wakilta kowa: ranar gwaji ka tsaya da kanka. Kafin a mayar da ƙasa, mai aikin ya toshe layin, ya hura masa iska, ya sa agogon matsi, ku zuba ido ku ga allurar ba ta sauka ba. Sannan a kaɗa ruwan sabulu a shafa wa kowace mahaɗa da soso. Inda ka ga kumfa tana kumbura tana fashewa, akwai yoyo, a kwance a sake. Duk wanda ya ciro ashana zai gwada maka, ka sallame shi nan take. Kada ka biya cikon kuɗin aiki, kada kuma birkila ya zuba ko shebur ɗaya na siminti, sai an yi wannan gwajin a gabanka.