Darasi: Kwamfutar Haya da Littafin Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, littafin ƙungiya amana ne. A cikinsa muke rubuta bashin taki da ajiyar kowa. In gara ta ci shi, ko aka sace kwamfutar magatakarda, gardama ta shigo ke nan.

Yanzu akwai kwamfutar haya. Ba a kawo ta gida. Tana can cikin babban ɗakin na'urori na kamfani, ma'aikatansu ne ke lura da ita. Kamfanin Amazon ya buɗe WorkSpaces a 2014, Microsoft kuma ya kawo Windows 365 a 2021.

Ga misali. Magatakarda yana Tambuwal, ma'aji yana Kebbe. Kowa ya shiga ta intanet da kalmar sirrinsa, su duba littafi ɗaya, ba wanda ya hau mota. Hoton aikin kaɗai ke zuwa wurinsu, lissafin yana can. Ko an sace ƙwarya, hatsi yana rumbu.

Amma mu lura da abu uku:

1. Haya ce. Ana biya wata-wata, bisa yawan masu shiga.
2. In babu intanet, aiki ya tsaya. Kada mu yar da littafin takarda.
3. Kalmar sirri mabuɗin rumbu ce. Ran da aka sake ma'aji, a soke ta tsohon.

Abin karantawa: Luka 14:28.

Tambaya domin taro: Ribarmu ta bana za ta ɗauki wannan haya, ko kuwa sai mun haɗa kai da wata ƙungiya?