Zazzaɓin Dengi Da Yadda Ya Ke Yaɗuwa A Birane

Zazzaɓin dengi ciwo ne da wani sauro baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu ke ɗaukowa daga majinyaci ya kai wa mai lafiya. Alamunsa su ne zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da zafi a bayan idanu. Sau da yawa a kan ɗauke shi maleriya ne, alhali maganin maleriya ba ya yi masa kome. Ƙwayar cutar iri huɗu ce, wanda kuwa ya kamu da wani irin bayan ya warke daga wani, ciwon ya kan fi tsananta gare shi, har ya kai ga zubar jini. A Manila aka fara ganin annoba mai tsanani irin wannan a 1953, sa'an nan a Bankok a 1958. A 2023 ta auka wa Wagadugu da Bobo-Julaso, aka kuma tabbatar da ita a Jihar Sakkwato.

Dalilin da ya sa ciwon ya fi son birni shi ne wannan sauro a cikin gida ya ke hayayyafa, a ruwan randa da na ganga, da wanda ya kwanta cikin tsohuwar taya ko gwangwani. Inda ruwan famfo ba ya zuwa kullum, tilas mutane su tara ruwa, kowace randa da aka bari a buɗe kuwa ta zama masa maƙwabci. Ƙwansa ya kan manne a jikin tukunya, ya jure fari wata da watanni, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro. Ba ya tashi da nisa, amma inda gidaje su ka cunkushe ba ya bukatar haka. Matafiya ne ke kai cutar daga gari zuwa gari. Da rana ya ke cizo, musamman da safe da la'asar, saboda haka gidan sauro na dare kaɗai bai isa ba.

Ya kamata hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni su taimaki duba-gari, a rufe kowace randa, a zubar da ruwanta a goge cikinta sau ɗaya a mako, a kuma kawar da tayoyi da gwangwanaye tun kafin damina. Malamai kuwa su riƙa rubuta unguwar da zazzaɓi ya yawaita, su sanar da ma'aikatan lafiya ba da jinkiri ba. A gargaɗi jama'a kada majinyaci ya sha asfirin, gama yana ƙara zubar jini. A kai shi asibiti.