Darasi: Ƙudan Zuma da Haƙƙinsa a Kan Manomi

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa a kan ƙudan zuma yake. Mafi yawanmu ba mu san shi ba sai ta harbinsa ko ta zaƙin zumarsa, alhali kuwa mafi girman aikinsa yana cikin gonakinmu da garakenmu.

Matsayinsa a addini

Ya ishe shi daraja cewa sura ta 16 a cikin Alƙur'ani mai girma da sunansa ake kiranta, wato Suratun Nahli. A aya ta 68 da ta 69 Allah Maɗaukaki ya bayyana cewa shi ne ya kimsa masa yin gida a duwatsu da itatuwa da abin da mutane suke ginawa, kuma abin sha mai launi iri-iri da yake fitowa daga cikinsa akwai waraka a cikinsa ga mutane. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe halittu huɗu, ƙudan zuma na cikinsu. Ke nan halaka shi ba tare da lalura ba saɓa wa hani ne, ko kafin a yi maganar asarar da ke biyo baya.

Aikinsa a gona

Idan ƙudan zuma ya sauka a kan fure yana neman abincinsa, garin furen yakan manne a jikinsa, sai ya kai shi ga fure na gaba. Da wannan ne shuka take samun barbara har ta ɗaura ɗa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona da ake ci a duniya suna cin moriyar wannan aiki na ƙwari da makamantansu.

Gero da dawa ba su dogara da shi ba, iska ta wadatar da su. Amma kabewa da kankana da mangwaro suna buƙatarsa ƙwarai. Abin da ya fi shafar mu a nan Adar kuwa shi ne albasa, wadda ta sa aka san sunan Galmi a kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma da ita gidaje masu yawa suke rufa asiri daga fadamar Tarka a Madawa har zuwa Keita. Kan albasa yana girma ba da taimakon ƙudan zuma ba, amma irinta ba ya samuwa sai ƙwari sun ziyarci furenta, domin garin kowane fure yana riga macensa nuna, ba ya iya yi wa kansa barbara. Manomin da ya dasa albasa domin iri, idan ƙwarin nan suka ƙaurace wa garkarsa, zai sussuka ya tarar ƙaiƙayi ya fi ƙwaya yawa.

Itatuwa su ne rumbunsa

Dattawanmu ba su manta da yadda farin 1973 da na 1984 suka bar tuddanmu ba. A Majiya, cikin ƙasar Buza, an fara dasa layukan dogon yaro domin tare iska a 1975. A 1984 kuma Furojen Keita ya soma da tallafin ƙasar Italiya, aka dasa miliyoyin itatuwa, mata ne kuma suka ɗauki kaso mai yawa na wannan wahala. Bagaruwa da magarya da aduwa da muke gani yau a kewayen Ibohaman su ne abincin ƙudan zuma, haka nan gawo, wanda yake fure bayan ɗaukewar damina, lokacin da ciyawa ta bushe. Wanda ya sare su, ba inuwa kaɗai ya rage ba.

Zuma da lafiya

Buhari ya ruwaito labarin mutumin da ɗan'uwansa yake ciwon ciki, Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da ya shayar da shi zuma. Likitoci ma sun tabbatar tana sauƙaƙa tari, tana kuma taimaka wa miki ya warke. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da lasawa ce ranar haihuwa, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjinsa ba ya iya yaƙa, tana shanye jiki har ta tsayar da numfashi. Mai ciwon suga kuma ya nemi shawarar likita tukuna.

Abin da ya hau kanmu

Na farko, kada a yi feshin maganin ƙwari a kan shuka tana cikin fure. Idan ya zama dole, a bari sai dab da magariba, bayan ƙudan zuma ya koma gida, kuma a tambayi ma'aikatan gona kafin a sayi maganin da ba a san asalinsa ba. Lamarin ba ƙarami ba ne: a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da magunguna uku a fili saboda cutar da suke yi wa ƙudan zuma.

Na biyu, mai ɗibar zuma ya yi aiki da hayaƙi kaɗan, kada ya cinna wa amya wuta. Ya bar saƙar da ke da ƴaƴa, ya kuma rage musu abin da za su ci.

Na uku, idan taron ƙudan zuma ya sauka a gida ko masallaci, a janye yara, a kira wanda ya san aikin ya ɗauke shi.

Na huɗu, a lokacin zafi a ajiye ruwa a kasko da ƴan tsakuwa a gefen garka.

Allah ya sa mu cikin bayinsa masu gode wa ni'ima, ya sa albarka a gonakinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.