Idan Sallah Ta Tarar Da Jariri A Gida: Hukunci Da Ladubba

Godiya ta tabbata ga Allah Mai bayar da haihuwa ga wanda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ƴan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a ƙarshen bazara, daidai lokacin da manomin Urafane da ƙauyukan Tasawa da Mayahi yake duban sama yana jiran ruwan shuka. Rumbu ya yi ƙasa, kuɗin cin rani sun kusa ƙarewa, rago kuma ya yi tsada a kasuwa. A irin wannan hali sai Allah Ya sauki matar wani magidanci lafiya ranar 3 ga Zulhajji da hantsi. Da ya ƙirga sai ya ga suna ya faɗo ranar Layya, ga shi dabba ɗaya ce tak a turkensa. Shin ta suna ce ko ta layya? Ko ya ci bashi ya ƙara wata don gudun bakin mutane? Wannan darasi zai amsa wannan tambaya da makamantanta bisa mazhabar Imam Malik.

Gidan Annabi ma ya yi Sallah da jariri

Bisa mashhurin zancen malaman tarihi, an haifi Sayyidina Hasan ɗan Ali (RTA) a tsakiyar Ramadan na shekara ta 3 bayan Hijira. Ke nan Ƙaramar Sallar wannan shekara ta tarar da Nana Faɗima (RTA) tana jego, jaririnta yana da kimanin mako biyu. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yanka wa Hasan da Husaini rago ɗaya ɗaya, Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Nana Faɗima ta auna gashin ƴaƴanta ta yi sadaka da azurfa gwargwadon nauyinsa.

A shekara ta 10 kuma, a hanyar Hajjin Bankwana, Asma'u bintu Umais (RTA) ta haifi Muhammadu ɗan Abubakar a Zul Hulaifa. Annabi (SAW) ya umarce ta da ta yi wanka ta yi ƙunzugu ta ɗauki harami, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir. Ranar Layya ta riske ta da jaririn kwanaki a hannu. Haihuwa ba ta raba ta da ibadar wannan lokaci ba.

Zakkar fidda kai

Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da mutanen gari suka fi ci. A wannan yanki gero ne. Magidanci yana fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa ke wuyansa, babba da yaro.

Game da jariri, Malikiyya suna da zance biyu kan lokacin da take wajaba: faɗuwar ranar ƙarshe ta azumi, ko fitowar alfijir na ranar Idi. Wanda aka haifa kafin rana ta faɗi, ya kuma kai asuba da rai, babu saɓani a fitar masa. Wanda aka haifa tsakanin magariba da alfijir shi ne wurin saɓanin, kuma fitar masa ya fi kuɓutarwa. Wanda yake ciki ba a haife shi ba, babu wajibci a kansa.

Yadda ake ƙirga ranar suna

Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a Risala cewa ana yanka ne a rana ta bakwai da hantsi, kuma ba a saka ranar haihuwa cikin lissafi. Masu sharhi sun ce wannan ga wanda aka haifa bayan alfijir ne. Misali, jaririn da aka haifa ranar Talata da rana, sunansa Talata mai zuwa. Idan kuwa an haife shi cikin dare kafin alfijir ɗin Talata, to Talatar ta shiga lissafi, suna ya zama Litinin.

Dabba ɗaya ake yankawa, namiji aka haifa ko mace. Sharuɗɗanta su ne na dabbar layya, wajen shekaru da kuɓuta daga aibu. Ba dole sai rago mai ƙaho ba. Tunkiya ta isa, jar akuyar Maraɗi da ta shiga shekara ta biyu ita ma ta isa.

Idan suna da layya suka haɗu

A mazhabar Malik, dabba ɗaya ba ta isar wa ibadun biyu, domin kowace zubar da jininta ake nufi. Akwai riwaya daga Imam Ahmad da ta halatta haɗa su, amma ba ita ake karantarwa a zaurukan wannan ƙasa ba.

To mai dabba ɗaya fa? An ruwaito daga Malik cewa ya yi suna da ita. Ibn Rushd ya yi wa wannan zance ƙaidi: idan yana sa ran samun wata dabba a sauran kwanakin yanka, wato 11 da 12 ga wata, sai ya yi suna ranar Idi ya jinkirta layya. Idan ba ya sa rai, sai ya yi layya da ita, domin ita ce ta fi ƙarfi. Kuma ya halatta ya saka iyalinsa da ke zaune tare da shi, waɗanda yake ciyarwa, cikin ladan layyar, har da wannan sabon baƙo, matuƙar ya ƙulla niyyar haka kafin yanka. Raɗa suna kuwa ba ya jiran rago. A kira malami, a yi addu'a, wanzami ya yi aski, a yi sadaka da abin da ya sawwaƙa.

Abu biyu ne za su sauke wa irin wannan magidanci nauyi. Na farko, layya sunna ce ga wanda sayen dabbar ba zai taɓa buƙatunsa na dole a shekara ba. Wanda zai sayar da irin shuka, ko ya jinginar da gona, ko ya ci bashin da zai biya da damen gero a kaka, Shari'a ba ta ɗora masa ba. Na biyu, Malikiyya sun karhanta mayar da naman suna walimar da ake gayyato mutane. Abin da aka so shi ne a dafa, mutanen gida su ci, a aika wa maƙwabta da mabuƙata. Yawancin abin da ke karya ƙugun uban jariri, kamar tulin goro da ɗinkin anko da tukwanen da ba su ƙirguwa, al'ada ce ta ɗora shi. Ba a kuma sayar da nama ko fata, na layya ko na suna.

Mai jego ranar Idi

Gari yana kaɗawa, yara sun yi ado, kowa ya nufi filin Idi, ita kuwa tana ɗaka tsakanin ruwan wankan jego da kukan jariri. Mata da yawa sukan ji kamar Sallar ta wuce su. Wajibi ne a sanar da su cewa barin salla da azumi cikin jinin biƙi umarni ne, kuma mai bin umarni yana cikin ɗa'a. Mafi tsawon jinin biƙi a wurin Malikiyya kwana 60 ne. Idan ya ɗauke kafin haka, ko da bayan kwana goma ne, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla, ba sai ta jira arba'in ba. Za ta rama azumi, ba za ta rama salla ba. Mai shayarwa da ta sha azumi don tsoron cutuwar ɗanta kuwa, ramuwa za ta yi tare da ciyar da mudu ɗaya a kowace rana.

Ba a rufe mata ƙofar zikiri ba. Tana kabbarorin Idi, tana istigfari, tana salati ga Annabi (SAW), tana hailala. Malaman Tijjaniyya sun ba mace zaɓi game da lazimi a irin wannan hali: in ta yi ta samu, in ta bari babu ramuwa. Ta kuma tuna cewa sa'ayin da alhazai ke yi tsakanin Safa da Marwa a waɗannan kwanaki, asalinsa gudun Nana Hajara ne tana nema wa jaririnta Isma'ila ruwa. Allah Ya mayar da wahalar mai shayarwa rukunin Hajji har zuwa tashin ƙiyama.

Haƙƙin jariri a kan masu barka

Ranar da barka da Sallah ta haɗu da barkar haihuwa, gida yakan cika. Ladabin mai ziyara shi ne ya gajarta zama, ya yi addu'a, ya bar mai jego ta huta. Mai mura ko tari ya tsaya daga bakin ƙofa. Kada a riƙa yawo da jariri daga hannu zuwa hannu, kuma a nisanta shi da hayaƙin gashin naman layya da na turaren wuta mai yawa. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko da a tsananin zafi, don haka a ba uwar ruwa da fura da romo ta ƙoshi. Idan ana son albarkar addu'a, a tofa masa. Ya kwana cikin gidan sauro, a kai shi rigakafi a kan lokaci, a yi masa takardar haihuwa. Idan ya ƙi kama nono ko jikinsa ya yi zafi, a tafi likita ko da ana tsakiyar fiɗa ne. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya gajarta, don tausayin uwarsa. In har salla a bayan Fiyayyen halitta an sassauta ta saboda jariri, to yawon Sallah da hira sun fi cancantar a sassauta su.

Rabon muridi

Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) ya gina tarbiyyar almajiransa a kan godiya, kuma godiyar ni'ima ita ce a yi amfani da ita inda Mai bayarwa Ya yarda. Muridin da aka yi wa haihuwa, hidimarsa ta wannan Sallar tana cikin gidansa: ya ɗebo ruwa, ya samo itace, ya kula da manyan yara, ya tabbatar kason farko na nama ya isa ɗakin mai jego, sannan ya tafi wazifa. Ƴan'uwansa na zawiya kuma su bincika wa aka yi wa haihuwa a unguwa alhali babu abin yankawa, musamman matan da mazajensu ba su dawo daga cin rani ba, su kai musu nama da hatsi cikin sutura, ba tare da an ji ba.

Allah Ya raya abin da aka haifa bisa sunnar Ma'aiki (SAW), Ya ba masu jego lafiya, Ya ba da damina mai albarka, Ya maimaita wa al'umma. Amin.