Keken Hawan Dutse

Idan kun tsaya bakin hanya a Kafinsoli da safe, ba za ku daɗe ba sai kun ga mai keke. Wani ya ɗauro buhun gero za shi Kankiya, wani ya rataya fartanya za shi gona, wani kuwa daga wajen Kusada ya fito. Da yawa cikin kekunan nan baƙaƙe ne, dogaye, irin su Raleigh da Phoenix. Shi Raleigh a birnin Notingam na ƙasar Ingila aka fara ƙera shi, Phoenix kuwa daga ƙasar Sin ya ke zuwa. Kekuna ne masu ƙwari da jimirin kaya, amma don manya aka yi su, gama faɗin wilinsu inci 28 ne. Shi ya sa in yaro ya ari keken ubansa, sai ku ga ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar sama, ya karkace, yana tuƙawa a tsaye. Ko da ya gwane, wahala ce, kuma faɗuwa ba ta da wuya.

Akwai wani irin keke dabam wanda a ke yin ƙananansa don yara. Gajere ne, tayoyinsa masu kauri, kansa a miƙe. Sunansa keken hawan dutse. Kun sha ganinsa wajen masu sayar da kekunan gwanjo a Katsina da Kano.

Asalinsa daga ƙasar Amurka ne. A wajen shekarar 1970 zuwa 1980, waɗansu samari na jihar Kalifoniya su kan hau wani dutse da a ke kira Tamalpais, kusa da birnin San Faransisko, su gangaro a kan tsofaffin kekuna don wasa. Kekunan ba su jure ba, kullum sai gyara. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera sabon keke musamman don wannan hanya mai duwatsu. A 1981 wani kamfani mai suna Specialized ya fara yin irinsa da yawa don sayarwa. Abu kamar wasa, ga shi a 1996 har an sa tseren wannan keke cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta.

To, ku ce, mu da ba mu da manyan duwatsu a bakin ƙofa, ina ruwanmu da keken dutse? Ai abin da dutse ke yi wa keke, shi turbar gona ke yi masa. Ga rairayi, ga kunya, ga kwazazzabon da ruwan damina ya zaizaye. Keken da aka yi don mugunyar hanya, shi ya dace da mai tafiya makaranta ta turba.

Keken hawan dutse iri biyu ne. Wani yana da sifirin gaba da baya. Wani kuwa a gaba kaɗai ya ke da shi, bayansa ƙarfe ne zalla, ba ya lotsawa. Turawa suna kiran wannan na biyu da wani suna mai ma'anar "mai taurin wutsiya". Shi za mu duba, don shi ya fi dacewa da mai koyo. Ya fi araha, ya fi sauƙin nauyi, kuma abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne. Mai sifirin biyu ya fi ɗaukar ido a kasuwa, amma in mai araha ne, rabin ƙarfin ƙafarku a cikin lilo zai ƙare.

Mu fara daga gaba. Ku dubi ƙarfen nan mai ƙafa biyu kamar gwafa, wanda ke riƙe da wilin gaba. A cikin ƙafafunsa sifirin ya ke. In taya ta ci karo da dutse ko ta faɗa rami, sai sifirin ya lotsa ya shanye girgizar, kada ta kai ga hannuwan matuƙi. Amma a lura, waɗansu sifirin don nauyin babba aka yi su, yaro ba zai iya lotsa su ba. Gwajin ba wuya. Yaron da za a saya wa ya kama kan keken ya danna da ƙarfinsa. In ya sauka ya dawo, madalla. In ya ƙi motsi, ƙarfen banza ne za ka yi ta ɗauka.

Sai taya. Kaurin tayar keken nan wajen inci 2 ne, kuma tana da gunda-gunda kamar bayan kada. Siririyar taya ta kan nutse cikin rairayi, mai kauri kuwa sai ta bi ta sama. Iskar da ke cikinta tana da labari. Wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop, a birnin Belfas, ya ga ɗansa yana shan girgiza a kan ƙaramin kekensa mai tayar roba daskararriya. Sai ya haɗa masa taya mai iska, ya kuma yi rajistar dabarar a 1888. Ashe don yaro irinku aka yi wannan dabara! Babban abokin gabarta a ƙasarmu shi ne tsidau. Turawa ma sunan da suka ba wannan ciyawa yana nufin mai huda taya. Ƙayarsa ta kan ratsa taya ta huda robar ciki. In an kai faci, a shafa cikin tayar a hankali a cire ƙayar, in ba haka ba gobe ma sai an koma.

Yanzu mun zo ga giya, wadda ita ce ta fi ba yara mamaki. Wajen feda akwai faifai mai haƙora. A wilin baya akwai waɗansu faya-fayai a jere, shida ko bakwai, daga ƙarami zuwa babba. Sarƙa ita ce ta haɗa na gaba da na baya. Mu yi lissafi. A ce faifan gaba yana da haƙori 28, sarƙa kuwa tana kan na baya mai haƙori 14. Duk juyi ɗaya na feda, wili zai juya sau biyu. Keke zai yi gudu, amma feda za ta yi nauyi. In aka mai da sarƙa kan na baya mai haƙori 28, juyi ɗaya na feda juyi ɗaya ne na wili. Gudu ya ragu, amma feda ta yi laushi, sai a hau tudu ko a ratsa rairayi ba tare da an sauka an tura ba. Ba a sauya giya sai ana juya feda a hankali. Wanda ya murɗa ta keke na tsaye, shi ya kan sa sarƙa ta zame. Ɗan ƙarfen da ke matsar da sarƙar yana rataye ne a gefen dama na wilin baya, kuma ba shi da wuyar lanƙwashewa. Saboda haka in za ku kwantar da keke, ku kwantar da shi ta hagu.

Birki kuma iri biyu ne: mai roba, wanda ke matse gefen wili, da mai faifai a tsakiyar wili. Mai roba ya ishi mai koyo, kuma kowane mai gyaran keke ya san shi. Abin lura guda ne. Kekunan Ingila birkin gaba a hannun dama ya ke, na Amurka kuwa a hagu. Keken gwanjo daga ko'ina ya kan zo. Kafin ku hau, ku matsa kowane hannu ku ga wilin da ya tsaya. Wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai a gangara, ta saman kan keken zai wuce.

Duk waɗannan ba su da amfani in keken ya fi ƙarfin mai shi. Da faɗin wili a ke auna keken yara. Mai inci 20 ya kan dace da ɗan shekara 6 zuwa 8, mai inci 24 kuwa da ɗan shekara 9 zuwa 12. Amma shekaru ba su isa ba, don sa'o'i ma ba tsawonsu ɗaya ba. Yaro ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Lalle a sami tazarar yatsa uku tsakaninsa da sandar sama. Sa'an nan ya zauna bisa sirdi. In feda ta kai ƙasa, gwiwarsa ta ɗan tanƙware kaɗan. Yatsunsa kuma su kai ga birki ba tare da ya saki kan keken ba. Iyaye su kan so su sayi babba, su ce yaro zai girma ya tarar da shi. Ga riga wannan dabara ce mai kyau, amma ga keke hatsari ce, gama ba ya jira a girma kafin ya ka da mutum.

Lokacin hunturu ƙura ta kan manne wa sarƙa, ta gauraya da mai, ta yi ta cin haƙoran faifai kamar zarto. Kowane mako ku goge sarƙa da tsumma, ku ɗiga mata man keke kaɗan, ku sake gogewa. Kada ku sa man gyaɗa ko man ja, don su kan yi danƙo. Ku kiyaye kada mai ya taɓa robar birki. In akwai hular kwano, a sa ta, a ɗaure igiyarta a haɓa.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai sifirin a gaba kaɗai ya fi dacewa da mai koyo?
2. Faifan gaba yana da haƙori 36, na baya 12. Sau nawa wili zai juya in feda ta juya sau ɗaya?
3. Ta wane gefe a ke kwantar da keke mai giya? Don me?
4. Ku auna faɗin wilin wani keke a gidanku ko a unguwarku, ku kawo wa malam amsa gobe.