Goggo Ta Rasu: Shawarwari Ga Gidan Da Ta Bari

A Jere, cikin ƙaramar hukumar Kagarko, goggonmu ta yi rayuwarta, can kuma muka kai ta makwancinta. Yayar mahaifinmu ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ɗakinta bai taɓa rabuwa da 'ya'yan riƙo ba. Ita ke zaman jego, ita ke rakiyar amarya, ita ake tasowa da dare idan aure ya soma tangal-tangal. Sai da aka share makoki, na Kaduna suka yi arewa, na Suleja da Abuja suka yi kudu, sannan muka san nauyin da take ɗauke da shi ita kaɗai. Da wuya a sami gidan da babu irinta, ko goggo ko inna. Ga abin da muka koya, wani ta hanyar dacewa, wani ta hanyar sakacinmu.

1. A fara da bashi da ajiya. A shari'a, bayan hidimar jana'iza bashi ake fara biya, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, sannan gado. Sanarwar da ake yi wa maza a ƙofar gida ba ta isa ba, domin bashin tsohuwa ba a rubuce yake ba, kuma akasarinsa tsakanin mata yake: uwar adashi, mai niƙa, Bafulatanar da ke kawo nono, maƙwabciyar da ta ranta mata kuɗin magani ta ji kunyar faɗa. A wakilta dattijuwa guda ta bi su gida-gida. Haka nan kada a yi gaggawar fasa akwati. Mace mai amana ita ce bankin unguwa. A ƙarƙashin gadon goggonmu mun tarar da ƙulli-ƙulli na kuɗi da 'yan kunne, kowanne a tsumma daban, kuma fiye da rabi ba nata ba ne. Da mun raba a ranar, da mun ci haƙƙin marayu ba mu sani ba.

2. A dubi 'ya'yan riƙo. Riƙo ba ya sa gado. Yarinyar da ta tashi a ɗakin, ta yi wanki da jinya har numfashin ƙarshe, tana iya tashi hannu rabbana, wani da rabonsa da gidan shekara goma ya zo ya karɓi rabonsa. Hukuncin Allah ne, ba a taɓa shi. A kai rabon wurin malami masani ko kotun shari'a. Amma babu abin da ya hana magada, bayan kowa ya san nasa, su yi wa yarinyar kyauta. A ganina gidan da ya kasa yin wannan bai san goggonsa ba. Kuma tun kafin mutane su watse a yanke wanda zai ɗauki yaron da ke makaranta, a ambaci sunansa a gaban kowa, kada a bar shi a “za mu gani”.

3. Kada a yi faɗa kan sadakar uku, ta bakwai ko ta arba'in. Wasu gidaje suna yi, wasu malamansu sun hana. Wadda ta ƙare kwanakinta tana sulhunta ku ba ta cancanci a ɓata a kan gawarta ba. Kada kuma a ci bashi don a yi girki.

4. A riƙe ƙawayenta. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. A yankinmu wannan sunna tana da wani amfani na daban. Ƙawayen goggo ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Gwarawa da Koro, akwai Kiristoci, waɗanda suka yi shekaru suna cin kasuwa tare. Da Sallah kwanonta ya je gidajensu, da Kirsimeti nasu ya zo. Duk wanda ya san rikicin da ya faru a Kafanchan a 1987, da kuma wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, ya san cewa kwanon nan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ya daina yawo saboda mai aikawa ta mutu, yaran da ke tasowa ba za su san juna ba. A rubuta sunayen gidajen, a ɗora wa mutum ɗaya.

5. A kwashe abin da ya rage na saninta. Ita ta san wa ya haifi wa, wa ya sha nonon wa har aure ya haramta a tsakaninsu, ina iyakar gonar kaka ta tsaya. Mu mun yi sake, da yawa sun tafi da ita. A zauna da tsofaffin da suka rage, a naɗi muryarsu a waya, sannan a juye a littafi mai bango, don saƙon WhatsApp yana bin waya ya ɓata. A rubuta har yadda take haɗa daddawa da yajin jego.

6. A zaɓi sadaka mai gudana daidai ƙarfi. Kuɗin da za a kashe wajen buga kalanda da robobi masu hoto zai iya gyara famfon burtsatsen unguwa da ya lalace, ko ya biya wa maraya kuɗin zango. Ko mangwaro aka dasa a bakin makarantar allo, ana shan inuwarsa lada na isa gare ta. Addu'a kuwa ba ta cin ko kwabo.

7. A raba aikinta tsakanin masu rai. Mutum ɗaya ba zai maye gurbinta ba. Wata ta ɗauki zaman jego, wani ya ɗauki sanar da rasuwa da haihuwa, a kuma tsayar da rana guda a shekara, ko washegarin Babbar Sallah, da kowa zai hallara a gidan. Nisa ba hujja ba ne: Jere tana kan titin Kaduna zuwa Abuja, layin dogon da aka buɗe a 2016 ma yana da tasha a garin. Zumunta a ƙafa take, kuma kada a kulle ɗakinta har gara ta cinye.

Wanda tasa goggon ke da rai, ya je wannan Juma'ar da goro da sabulu, ya zauna a tabarmarta ba tare da duba agogo ba. Kafin ya tashi ya tambaye ta wa ke binta, ajiyar wa ke hannunta, da abin da take so a yi wa yaran da ke ɗakinta. Allah Ya jiƙan goggonmu da naku.